Datti Maijak da Ƙafar Kunkuru

Mutanen layin masallaci a Rafin Guza ba su cika bukatar agogo da safe ba. Da an idar da sallar asuba, gari ya ɗan yi sha, za ka ji ana jan wani akwatin ƙarfe daga zaure, ƙuuu, har gindin darbejiya. Mata a cikin gidaje su ce, “To, Malam Datti ya fito, a ɗora koko.”

Ba ya gaggawa. Sai ya tuɓe rigar masallaci ya rataye a reshe, ya zura wata shuɗiyar taguwa da ta sha faci har ba a gane asalin yadinta. Ya yayyafa ruwa, ya share gindin bishiyar tas kamar za a yi shimfiɗar ɗaurin aure. Sannan ya baza buhu ya jera sifanu, ƙarami na bin babba. In ya gama, ya zauna bisa tsohuwar taya, matarsa Uwani ta miƙo kwanon kunu ta bakin zaure. Ba ya sha shi kaɗai. Wanda duk ya fara zuwa da aiki, ko direba ne ko ɗan dako, sai ya karɓi ludayi kafin a yi maganar abin da ya kawo shi.

Malam Datti ba ya gyaran inji, ba ya facin taya. Aikinsa guda ne, jak, abin ɗaga mota. Na mai ne, na murɗawa ne, na ƙaramar mota ne ko na roka, in ya gaji Rafin Guza ake kawo shi. Shi ya sa sunan mahaifinsa ya ɓace wa mutane, sai Datti Maijak. Ɗan maƙera ne daga ƙasar Katsina. Ya shigo Kaduna da ƙafa shekara guda bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi leburanci, ya koyi walda, ya kuma lura cewa kowa na rububin koyon inji, ba mai kula ɗan ƙarfen nan da ake jefawa bayan kujera. Ga shi kuwa ranar da taya ta fashe a dajin da babu kowa, ran mutum a kansa yake.

Ƙarshen wannan wata zai rufe akwatin nan. Wutar walda ta shekara talatin da uku ta ci masa ido, likita ya ce ya isa haka. Shi ya sa muka ga bai kamata ya koma cikin gida shiru ba, ba a faɗi ko kaɗan daga abin da mutane suka gani da idonsu ba.

Ku tambayi Ɗanladi, direban babbar mota ɗan Kano, wanda har yau ba ya wuce Kaduna bai tsaya ya gaishe shi ba. Ranar da suka fara haɗuwa kamar a yi dambe. Ɗanladi ya zo a gaggauce, yana da lodi zuwa Ikko, ya ce a ƙara wa jak ɗinsa mai kawai. Malam Datti ya ɗaga jak ɗin, ya shafa gindinsa, ya dubi yatsansa.

“Wanga ba mai yake so ba. Fatar cikinsa ta mutu.”

“Baba, ni dai zuba mini mai in wuce. Rana na yi.”

Malam Datti bai ja maganar ba. Ya tura jak ɗin ƙarƙashin wani mataccen inji da ke ajiye a gefe, ya buga shi ya ɗaga, ya ɗauko gwangwanin madara ya tsayar a ƙasan injin. Ya ce, “Zauna mu sha kunu.” Ɗanladi ya zauna yana huci. Ba su kai rabin kwano ba sai suka ji ƙaras, ƙaras. Suka waiwaya, gwangwani ya zama faifai.

“Ka ga gwangwanin nan?” in ji Malam Datti. “Ƙirjinka ne.”

Ɗanladi ya ce tun daga ranar bai ƙara yi masa musu ba.

Amma aikin da ya fi dacewa a ba da labarinsa shi ne na Kunkuru, a bazarar 1975.

Kunkuru wata tsohuwar tirela ce mai ɗaki, irin wadda Turawan safiyo, masu awon ƙasa, ke ja da mota su kwana ciki a daji. Da suka tafi suka bar ta, ta faɗa hannun wani ofishin kiwon lafiya. Fentinta ya koɗe, ƙofarta sai an ɗaga kafin ta rufu, amma tana da gado biyu, da kabad, da firji mai aiki da kananzir. Direbobi suka laƙaba mata Kunkuru don ɗakinta a bayanta yake, kuma ba ta son sauri. Da ita ake fita yi wa yara allurar ƙyanda a ƙauyuka da rugage. A ja ta da Landiroba zuwa wani gari, a cire ta a ajiye ta zama masauki, ita kuma mota ta riƙa kutsawa daji tana dawowa.

A gaban tirelar akwai ƙarafa biyu da suka haɗu suka yi tsini, inda ake maƙala ta a bayan mota. Wuya ake ce masa. A jikin wuyan nan akwai jak mai hannun murɗawa, shi ne ƙafarta ta gaba. In za a cire ta daga mota, a murɗa ƙafar ta sauka ta ɗauki nauyi. In za a tafi, a naɗe ta sama.

Ran wata Litinin da hantsi sai ga Landiroba ta shigo layin masallaci tana jan Kunkuru, ƙafar nan tana reto kamar karyayyen reshe. Mace ta fito daga gaba, doguwa, da farar rigar aiki da mayafi. Sista Turai ke nan, ’yar Kinkinau, wadda ke shugabantar masu allurar. Direbanta Alhassan ya biyo ta yana sosa ƙeya.

Bayan gaisuwa ta ce, “Baba, an ce in kai ba ka iya ba, in haƙura.”

“Mi ya same ta?”

Alhassan ya yi caraf. “Tsufa ne, Baba. Ka san kayan Turawan da. Haka kawai ta karye.”

Malam Datti ya durƙusa ya duba. Ya shafa bakin karayar da yatsa.

Sista Turai ta yi masa bayani. Ta je wurin mai kula da sito, ya ce irin wannan jak sai an yi odarsa daga Ingila, wata uku in an yi sa’a. Nan da wata uku damina ta sauka, hanyoyi sun yanke. Ƙyanda kuwa yanzu ne lokacinta, har an fara jin labarinta wajen Birnin Gwari. An riga an aika wa masu gari da arɗo-arɗo cewa ranar Asabar, ranar kasuwa, mata su kawo yara.

“Baba, wasu daga tafiyar yini za su zo da goyo. Shekara biyu ina lallashinsu kafin su yarda da allura. In suka zo ba su same mu ba, ba za su sake zuwa ba.”

“In ƙafa ce kawai, ai sai ku tara duwatsu ku ɗora wuyan,” in ji shi.

“Mun gwada bara, da ta fara cijewa. Firjin ne matsalar. In bai zauna daidai wa daida ba, ko yaya ya karkata, ba ya sanyi. Maganin kuwa da ya ji zafi ya zama ruwan banza. Sai mu yi ta tsira wa yara allura muna zaton mun kare su.”

Malam Datti ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, “Yaushe za ku tashi?”

“Jumma’a, in an sauko.”

“Ku bar ta.”

Da Sista Turai ta shiga cikin tirelar ɗauko takardunta, sai ya yafito Alhassan suka koma bayan bishiya.

“Ɗana, ƙarfe bai iya ƙarya ba. Wanda tsufa ya karya, bakin karayar baƙi ne. Wanga fari ne tas. Baya ya lanƙwashe, ga siminti a gindinsa. Ka tashi mota ba ka naɗe ƙafar ba.”

Alhassan ya sunkuyar da kai. Ya ce haka aka yi, kwalbatin ƙofar ofis ya daka. Matarsa ba ta yi arba’in da haihuwa ba, in aka rubuta sakaci ne, aikinsa ya tafi.

“Ni ba alƙali ba ne, ba kuma zan kai ka ƙara ba. Amma matar nan da kai za ta shiga daji wata guda da rabi. Ka gaya mata da bakinka.”

Alhassan ya tafi yana jan ƙafa, ya tsaya a ƙofar Kunkuru ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa. Sista Turai ta dube shi ta saman tabarau.

“Alhassan, ina cikin motar fa. Har haƙorana sai da suka haɗu. Jira nake in ga kwana nawa tsufan nan zai yi a bakinka.”

Masu shayin gefe da suka kasa kunne suka fashe da dariya. Shi ma Alhassan ya yi, ta mai jin kunya. Maganar ba ta wuce nan ba.

Aiki na farko shi ne a raba tirela da mota. Malam Datti ya sa wa tayoyin waigi gaba da baya, ya ɗaga wuyan da jak ɗin roka, sannan ya shiga neman abin da zai tokare shi, don shi a ƙa’idarsa ba ya aiki kusa da nauyin da ke kan jak kaɗai. Ya duba kututture, gajere ne. Ya duba tayoyi, suna lotsawa. Sai aka ga ya shiga gida, jim kaɗan ya fito yana mirgino turmi, Uwani na biye da taɓarya a hannu.

“Malam! Turmin nawa? Na kirya ne fa, tun na aurena!”

“Shi ya sa na ɗauko shi. Duk Rafin Guza babu mai ƙarfinsa.”

“To da me zan yi daka?”

“Kwana huɗu ne. Aikin gwamnati zai yi, kin ga ya samu ci gaba.”

“In ya tsage, kai da gwamnatin ku nemo mini kirya.”

Aka kife turmi, aka ɗora katako, aka sauke wuyan Kunkuru a kai. Ya zauna daram.

Da ya kwance jak ɗin Kunkuru ya baje shi a buhu, sai ya ga ɓarnar ta wuce ta kwalbati. Bututun ciki ya lanƙwashe, wannan mai sauƙi ne. Amma doguwar sandar ƙarfe mai zare, wadda ke hawa da sauka in an murɗa hannu, ta karye biyu. Notin da take bi ta ciki kuwa tsatsa ta cinye haƙoransa tun tuni. Ko Alhassan bai daki komai ba, da wuya ƙafar nan ta ga ƙarshen tafiyar. Ya kira shi ya nuna masa, don ya rage masa nauyin zuciya.

Talata tun da safe ya hau kekensa. Ya zagaye masu kayan mota na Babbar Kasuwa rumfa-rumfa da guntun ƙarfen a aljihu. Kowa ya juya shi ya girgiza kai. Wani ya ce, “Baba, wannan ai sai gidan tarihi.” Daga nan ya miƙa wajen ’yan gwangwan, wurin wani tsohon abokinsa Lawal, wanda ke da tsibin matattun ƙarafa da ya fi ɗaki tsawo. Su biyu, dattawa masu furfura, suka hau tsibin nan suna tona kamar kaji a juji, rana na dukansu. Sai bayan azahar Lawal ya jawo wani jak na tsohuwar motar soja, jikinsa duk ya fashe. Malam Datti ya zare sandar cikinsa, ya goge da gefen taguwa, ya bi zaren da farce tun daga sama har ƙasa. Ya rataye ta da igiya ya ƙwanƙwasa, ta yi ƙara wasai, babu tsaga. Notinta ma lafiya lau. Ya haɗa da boris na wani mataccen kuloci, zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da ke sauƙaƙa juyawa, ya ɗaure a bayan keke ya komo yana waƙa.

Kafin magariba ya miƙar da bututun da wuta da guduma, ya yanka sandar daidai tsawo, ya liƙe notin a bakin bututu da walda. Ya kwanta yana ganin aiki ya ƙare.

Laraba da safe ya zura sanda ya murɗa. Ta shiga rabi ta cije. Ya dawo da ita, ya sake, ta cije a wuri guda. Zafin walda ya ɗan murguɗa notin, abin da ido ba ya gani. Noti kuwa shi ke nan guda, babu wani a tsibin Lawal.

Alhassan, wanda tun Litinin bai bar wurin ba, ya ɗauko dogon bututu. “Baba, mu sa mata wannan mu danna da ƙarfi.”

“In ka danna ta shiga yau, wa zai danna ta fito a daji? Sista?”

Ya aika cikin gida aka tankaɗo masa tokar murhu da rariyar laushi. Ya kwaɓa ta da baƙin mai, ya shafa a zaren. Ya murɗa gaba har inda ta cije, ya komo baya. Gaba, baya. Gaba, baya. Tokar na cin ƙarfen kaɗan-kaɗan, a wurin da ya matse kawai. In hannunsa ya gaji Alhassan ya karɓa. Wani direba ya zo da jak biyu, Malam Datti ya ce ya dawo Asabar. Wani ya zo, haka. Tun hantsi suke abu guda, har tafin Alhassan ya yi ƙulli ya fashe.

Da azahar Sista Turai ta zo duba aiki. Ta ga mutum biyu zaune suna murɗa ƙarfe cikin toka. Ta shiga gida yin salla. Bayan ta sallame, Uwani ta kawo mata fura ta zauna kusa da ita.

“Kada ki damu, ’yata. Zai gama.”

“Inna, na ga har masu kawo aiki yake kora. Kada mu hana shi neman abincinsa.”

Uwani ta juya ludayi. Sannan ta ce, “’Yarmu ta fari Hassana sunanta. Shekararta biyu da wata uku. Lokacin ba a san wata allura ba. Ranar Lahadi ƙurajen suka fito, ran Alhamis aka kai ta. Shi ya ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta. Bai taɓa zancen ba, ko da ni. Amma shekaranjiya da kika ambaci ciwon nan, na ji shi daga zaure ya yi shiru, na san ba zai taɓa aikin kowa ba sai naki ya tashi.”

Sista Turai ta ce da ta fito ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta naɗe hannun riga ta ce a ba ta ita ma ta murɗa. Ya ba ta.

Ana kiran la’asar sanda ta wuce. Ta tafi har ƙarshe ta dawo, sumul, da yatsa biyu. Alhassan ya yi tsalle ya yi kabbara har kajin layi suka watse. Malam Datti ya wanke sandar da notin da kananzir sau uku, don kada ƙwayar toka ta saura ta ci gaba da ci, ya cika su da giris, ya zaunar da boris a sama inda nauyi ke taruwa.

Alhamis aka ɗaura jak a wuyan Kunkuru, aka murɗa ya ɗauki nauyi, aka zare turmi. Uwani ta zagaye shi sau biyu tana duba, ta sami ɗan tabo a gindinsa, ta ce za ta bar shi shaida.

Sista Turai ta fara godiya, Malam Datti ya ɗaga hannu. “Tukuna. Ta ɗauki kanta, ba ta ɗauki kaya ba.”

Ya leƙa layi ya kira mutum biyu da kowa ya san Allah ya yi musu jiki, Hansai mai tuwo da Audi mahauci. Ya roƙe su su shiga su zauna a gadon gaba. Hansai ta ce ita ba ta taɓa shiga ɗaki mai taya ba, in ya gudu da ita fa? Aka lallashe ta ta hau. Audi ya bi. Jama’a sun taru ana kallo.

Jak bai ko yi ƙara ba. Amma sai aka ga wuyan tirela na sauka a hankali, a hankali. Ƙafar ce ke nutsewa cikin ƙasa. Hansai ta ji ɗaki na sunkuyawa ta ƙwala ihu, “Wayyo, Audi, kai ne! Sauka!” Audi ya ce, “Ni? Tun kafin in shigo ta fara!” Layi ya kaure da dariya, har shi Malam Datti sai da ya riƙe ciki.

Da aka natsa ya ce, “Gara da ta yi a nan. Sista, can inda za ku, ƙasar yaya take?”

“Rairayi, Baba. Wani wurin har idon sawu.”

Ya jawo faifan ƙarfe mai faɗin murfin tukunya, ya liƙa a tafin ƙafar. Aka sake kiran Hansai, ta ce sai an yi mata rantsuwa. Wannan karon Kunkuru ko gezau.

Sauran abu biyu ya yi da ba wanda ya sa shi. Ya karɓi wata doguwar kwalbar magani, ya cika ta da ruwa ya bar ɗan kumfa guda, ya toshe, ya ɗaura zare a tsakiyarta. Ya kwantar da ita bisa firjin ya ce da Sista Turai, “Ki sa a yi ta murɗawa har kumfan nan ya tsaya ƙarƙashin zare. Sannan ki juya kwalbar ta gicciye, in ya gudu gefe, a sa katako ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa. In ya tsaya nan ma, kunna abinki.”

Na biyun na Alhassan ne. Akwai wani ƙarfe da ake zurawa a kulle wuyan tirela a jikin mota, in babu shi ba a tafiya. Malam Datti ya ɗaure ƙarfen nan da gajeriyar sarƙa, ya liƙe ɗaya bakin sarƙar a tafin ƙafar. In ƙafa na ƙasa, sarƙa ba ta kaiwa. Sai an naɗe ta sama tukuna ƙarfen zai isa raminsa.

“Yanzu ko kana so ka manta, ba hali,” in ji shi.

Alhassan ya gwada sau uku yana dariya. “Baba, da za ka yi mini irinta a baki, da na huta da faɗa a gida.”

Aka daidaita kumfa, aka kunna lagwanin firji, aka sa ruwa a ɗan faranti aka rufe. Jumma’a da safe, akwatin ƙarfe bai gama isa gindin bishiya ba sai ga Sista Turai. Ta shiga ta fito da farantin, ta kife shi a tafin Malam Datti. Ƙanƙara ce, tauri kamar dutse, a tsakiyar bazarar Kaduna. Ya juya ta, ya juya, ruwan na bin tsagogin hannunsa. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ku je.”

Sati shida suka yi. Sau goma sha tara aka sauke ƙafar nan aka naɗe, a rairayi da fako da bakin rafi, firji bai yi ɗumi ko sau ɗaya ba. Yara sama da dubu biyu aka yi wa allura. Ranar da suka dawo ruwan farko na binsu a baya. Alhassan bai kai Kunkuru ofis ba sai da ya biyo da ita Rafin Guza, ya sauke ƙwaryar man shanu da ƙwan zabi, saƙon matar wani arɗo zuwa ga “mutumin da ya yi wa ɗakin ƙafa.” Sista Turai ce ta ba ta labari.

A ofis an yi taro, an yi jawabi, an yaba wa manya da ƙanana. Sista Turai ta rubuta sunansa a rahotonta, amma wanda ya karanta jawabin ya tsallake layin, wataƙila ya ga bai dace da taron masu kwat ba. Da ta zo tana ba shi haƙuri, sai ya ce, “To da an faɗa, ƙafar za ta ƙara tsawo?”

Malam Datti, kai ne ba ka taɓa barin mutum ya tafi da abin da zai kashe shi don gudun ɓacin ransa ba. Kai ne ka gane laifin mutum, ka ja shi bayan bishiya maimakon ka tara masa jama’a. Akwai yara yau a ƙauyukan yamma, sun shiga makarantar firamare, suna tsere zuwa rafi, ba su san akwai wani tsoho a Kaduna da ya yini yana murɗa ƙarfe cikin toka dominsu ba. Ba za su taɓa sani ba, kai ma ba ka nemi su sani ba. Datti na Uwani, gagara tsatsa. Sannu da aiki.

Mu kuma da muka rage, masu ofis da masu rumfa, abin koyi a nan ba ɓoyayye ba ne. Kowa na da ɗan aikin da aka damƙa masa wanda ba mai dubawa. Malamin da ke cike katin asibiti, mai ɗaure birki, mai auna magani. A yi shi kamar ran wani na kansa, don sau da yawa yana kai. In kuma akwai irin Malam Datti a layinku, kada ku jira sai an yi masa salla kafin ku faɗi alherinsa. Ku je yau ku gaishe shi.

Da mai wannan rubutu ya je ya gaya masa za a buga labarinsa, ya daɗe yana dariya, yana share idanun nan da suka yi ja. Ya ce shi bai ga abin bugawa ba. Da aka matsa masa, sai ya gyara zama ya ce, “To in dole ne, ka ƙara da wannan. Ka ce damina ta kusa, kowa ya fito da jak ɗinsa daga bayan kujera ya duba shi tun yana gida. Daga wata mai zuwa ba ni nan.”

Ga shi mun faɗa, Baba. Mun gode. Allah Ya ba idanunka sauƙi, Ya sa hutun nan ya yi albarka, Ya riƙe ka kamar yadda ka riƙe mutane.